Watanni Biyar a Wajen Tarayya: Nazarin Biyayya da Tawali'un Mary MacKillop

Da safiyar ranar 22 ga Satumba, 1871, Bishop Laurence Sheil na Adelaide, a kudancin Ostireliya, ya shiga gidan da ke titin Franklin na Sistocin Yusufu Mai Tsarki, ƙungiyar matan Katolika da suka keɓe kansu ga Allah, tare da wasu fadoci, ya sa kayan muƙaminsa, ya riƙe sandarsa ta makiyayi, sannan ya sa aka kira shugabar sistocin. Mary MacKillop ta zo ta durƙusa a gabansa cikin ɗakin sujada. Shekarunta 29 a lokacin. A gaban 'yan'uwanta mata ya furta mata hukunci mafi nauyi da Ikilisiyar Katolika take da shi, wato yanke ta daga tarayyar masu bi, bisa zargin rashin biyayya. Da ya gama, ta tashi ta fita ba tare da ta mayar masa da magana ba, ta bar sistoci suna kuka. Daga baya ta rubuta cewa a wannan sa'a ta ji kusanci da Allah irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Na zaɓi wannan lamari ne domin ya haɗa abubuwa biyu da Kirista da yawa suke ɗauka ba sa zama inuwa ɗaya: ƙin amincewa da umarnin shugaba, da kuma girmama wannan shugaba har cikin zuciya. Akwai masu ganin cewa mai tawali'u shi ne wanda bakinsa bai san a'a ba, akwai kuma masu ganin cewa da zarar shugaba ya yi kuskure, to haƙƙinsa na girmamawa ya faɗi. Abin da wannan baiwar Allah ta yi cikin watanni biyar ya ƙi shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ra'ayoyi, kuma saboda wasiƙunta da bayanan binciken da aka yi daga baya suna nan, ana iya bin sawunsa daki-daki.

An haife ta a Melbourne ranar 15 ga Janairu, 1842, iyayenta baƙi ne daga Sukotland, ita ce kuma babba cikin 'ya'ya 8 na gidan da talauci bai taɓa yin nisa da shi ba. A 1866 ita da Fada Julian Tenison Woods suka buɗe makaranta a ƙauyen Penola, cikin wani tsohon bargan dawakai da aka gyara, don 'ya'yan talakawan karkara. Daga nan ƙungiyar ta samo asali. A 1867 ta koma Adelaide, ta ɗauki wa'adinta na zaman keɓewa ga Allah a ranar 15 ga Agusta, kuma Bishop Sheil da kansa ya amince da ƙa'idar da Woods ya rubuta musu. Abubuwa biyu ne ginshiƙan wannan ƙa'ida. Na farko, talauci na gaske: ba za su mallaki dukiya ba, za su zauna su biyu ko uku a duk inda talakawa suke, ko a bakin mahaƙar ma'adinai, ko a gefen sabon layin dogo. Na biyu, jagoranci daga cibiya ɗaya: dukan sistoci, ko'ina aka tura su, suna ƙarƙashin shugabarsu ce, ita ce mai tura su da sauya musu wurin aiki. Zuwa 1871 yawansu ya kai kimanin 130, suna riƙe da makarantu da gidajen jinƙai sama da 40.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba dukan ƙorafin da aka yi a kansu ne na banza ba. Ƙungiyar ta yi girma cikin gaggawa, wasu sistocin ba su da zurfin karatu, bashi ya taru, Woods kuma mutum ne mai himma amma marar iya tafiyar da mulki, wanda ya gaskata wasu sistoci biyu da suke iƙirarin ganin wahayi, abin da ita Mary ba ta taɓa sakin jiki da shi ba. Sheil ya daɗe ba ya ƙasar, domin ya halarci babban taron bishop-bishop na Vatikan na farko da aka buɗe a 1869, ita ma Mary tana Brisbane tun ƙarshen shekarar wajen kafa sababbin makarantu. A cikin wannan giɓi ne, a 1870, wasu sistoci suka kai rahoton cewa wani fada a yankin Kapunda yana lalata da yara. Woods ya miƙa maganar ga mataimakin bishop, aka mayar da fadan ƙasar Ayalan. Masana tarihi da dama suna ganin cewa wannan ne ya hura wutar gabar da Fada Charles Horan, abokin aikin wanda aka kora kuma na hannun daman bishop, ya riƙe wa Woods da sistocin. Da Sheil ya dawo a farkon 1871, ga rashin lafiya ga gajiya, kunnensa ya faɗa hannun masu wannan gaba.

Shawarar da aka ba shi ita ce ya sauya ƙa'idar, ya sa kowane gidan sistoci ƙarƙashin fadan yankinsa, ya kuma raba su aji biyu, masu koyarwa da masu hidimar gida. A ido wannan gyaran tsari ne kawai, amma a haƙiƙa rushe ƙungiyar ne a sake gina wata da sunanta. Mary ta shiga tsaka mai wuya. Ta yi wa'adin biyayya, ga kuma bishop ɗinta yana umarni. Amma wa'adin da ta yi, ta yi shi ne a kan wata ƙa'ida takamaimai, wadda shi bishop ɗin ya sa wa hannu. Cikin watan Satumba ta rubuta masa wasiƙa, kuma a nan ne nake ganin zuciyar lamarin take. Ba ta musanta ikonsa na sauya ƙa'idar ba. Ta amince cewa shi ne bishop, yana da wannan iko a yankinsa. Abin da ta ce shi ne lamirinta ba zai bar ta ta zauna ƙarƙashin sabuwar ƙa'idar ba, don haka in an sauya, ta gwammace a sallame ta ta nemi inda za ta cika abin da ta gaskata Allah ya kira ta gare shi. Ba ta yi barazanar janye sistoci ba, ba ta kuma nemi ta riƙe kujerarta ba. Kanta kaɗai ta ɗora a kan sikeli.

A daren 21 ga wata Horan ya kawo mata saƙo cewa bishop ya ce ta tafi wani gida a yankin Kapunda da safe. Ta roƙi a bar ta ta ga bishop tukuna, domin ta san a kan wace ƙa'ida ake tura ta. Abin da ya isa kunnen Sheil shi ne ta ƙi bin umarni. Kashegari aka yi abin da aka yi.

Tambaya ta farko da dole a amsa ita ce ko abin da ta yi rashin biyayya ne. Hausawa kan ce bin na gaba bin Allah, kuma Littafi Mai Tsarki bai yi wasa da wannan ba, domin Ibraniyawa 13:17 ta umarci masu bi su yi biyayya ga shugabanninsu, waɗanda za su ba da lissafi a kan rayukansu. Amma koyarwar Ikilisiya tun da daɗewa ta san cewa wannan biyayya tana da iyaka, ta kuma faɗi inda iyakar take. Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika wanda ya rasu a 1274, ya bayyana cewa wanda ya yi wa'adin zaman keɓewa ya ɗaure kansa ne ga biyayya cikin abin da ya shafi ƙa'idar da ya yi alkawari a kai. Ya kasa biyayya kashi uku: wadda ta wadatar, ita ce yin abin da ya wajaba, cikakkiya, ita ce yin na'am da duk abin da ya halatta ko da bai wajaba ba, da kuma ta rashin hankali, ita ce bin umarni har cikin abin da bai halatta ba. A kan wannan ma'auni, Mary ba ta karya wa'adinta ba. Wa'adin ne ma ya hana ta cewa to, domin wanda ya yi alkawari ga Allah a kan abu guda ba ya da ikon musanya shi da wani don kawai ya kauce wa fushin mutum. Wannan shi ne ruhun amsar Bitrus da manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa biyayya ga Allah ita ce a gaba da biyayya ga mutane.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke tsayawa, kuma a nan ne suke ɓata. Wannan aya ta manzanni tana da daɗin ɗauka a bakin duk wanda ransa ya ɓaci da shugabansa, har girman kai yakan sa rigar lamiri ya fito a matsayin jarumtaka. Ƙa'idar Benedik ta ƙarni na 6, wadda ta tsara rayuwar sufayen Kirista a Turai, ta hango wannan haɗari. A babi na 68 ta ce in an ɗora wa ɗan'uwa abin da ya fi ƙarfinsa, ya bayyana wa shugaba dalilansa cikin haƙuri, a lokacin da ya dace, ba da girman kai ko gardama ba. A babi na 7 kuma, cikin matakai 12 na tawali'u, mataki na huɗu shi ne mutum ya jure wahala, har da zalunci, ba tare da ya karaya ko ya gudu ba. Saboda haka cewa a'a ba ta isa ta nuna ko mutum mai gaskiya ne ko mai taurin kai. Abin da yake nunawa shi ne halinsa bayan an hukunta shi, sa'ad da yake da tabbacin cewa shi ne mai gaskiya, ga kuma jama'a a shirye su tsaya masa.

Kuma lallai jama'a sun kasance a shirye. Kusan sistoci 50 aka sallama daga wa'adinsu, aka rufe makarantu da dama, aka miƙa gidan titin Franklin ga wata ƙungiyar sistoci. Jaridu suka ɗauki maganar, mutanen gari suka fusata. Fadocin ƙungiyar Jesuit da ke Norwood, waɗanda suka san dokar Ikilisiya, sun tabbatar mata cewa hukuncin bai bi ƙa'ida ba, don haka bai ɗaure ta a gaban Allah ba, suka ba ta mafaka, suka ci gaba da ba ta Jibin Ubangiji a ɓoye. Wani ɗan kasuwa Bayahude, Emanuel Solomon, ya ba sistocin da aka kora gida su zauna ba tare da biyan haya ba. Duk abin da mai son tayar da ƙura yake bukata yana hannunta: gaskiya, magoya baya, malamai masu ba ta hujja, da jaridu masu jiran kalma ɗaya daga bakinta.

Ta cire rigar sistoci ta sa kayan gida, domin hukuncin ya hana ta sawa. Ta nisanci bayyana a fili, ta guji zama tare da 'yan'uwanta a inda hakan zai ja musu wani hukunci. Ba ta ba jarida ko kalma ɗaya ta yaƙi bishop da ita ba. Ta gargaɗi sistoci kada su yi mugun zance a kansa, a wasiƙunta kuma tana ambatonsa da tausayi, a matsayin dattijo marar lafiya wanda mashawarta suka ɓatar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ta mutunta hukuncin a bainar jama'a alhali ta san a ranta cewa bai inganta ba. Mutum zai iya cewa wannan saɓani ne, amma ni ina ganin a nan ne ta raba abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa. Lamirinta nata ne, kuma ba ta sayar da shi ba. Zaman lafiyar Ikilisiya da mutuncin muƙamin bishop kuwa ba nata ba ne da za ta kashe su don wanke sunanta. Sunan nata ne, shi ta bari aka taka.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali. A 1 Sama'ila 24 Dawuda ya gudu daga Saul, bai miƙa wuyansa ga mashi ba, amma da ya same shi a kogo ya ƙi ɗaga masa hannu, har zuciyarsa ta dame shi don ya yanki gefen rigarsa kawai. A Ayyukan Manzanni 23 Bulus ya mayar da zazzafar magana ga wanda ya sa a buge shi a baki, amma da aka gaya masa babban firist ne, nan take ya janye, ya ambaci dokar da ta hana zagin shugaban jama'a, ba tare da ya janye shaidarsa ba. Tushen duka kuwa shi ne Almasihu, wanda 1 Bitrus 2:23 ta ce da aka zage shi bai rama ba, da ya sha wuya bai yi kashedi ba, sai ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. Ƙarshen wannan aya shi ne mabuɗi. Mai ramuwa yana ramawa ne domin a zuciyarsa yana tsoron in bai ƙwaci haƙƙinsa ba babu mai ƙwato masa. Wanda ya gaskata akwai alƙali mai adalci yana iya jira, kuma jiransa aikin bangaskiya ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi da ba zan tsallake ba, domin zamaninmu ya koya mana shi da hawaye. Sau nawa aka yi amfani da kalmar biyayya aka rufe bakin wanda aka zalunta, aka ce masa tawali'u shi ne ya yi shiru? Wanda ya ɗauki labarin Mary MacKillop ya miƙa wa mai rauni domin ya haɗiye zalunci, ya juya labarin a kansa. A tuna cewa rikicin yana da alaƙa da sistocin da suka ƙi yin shiru a kan cutar da yara, suka kai magana inda ya kamata, kuma suka biya farashinta. Shirun da Mary ta yi a kan mutuncinta ne, kuma ita ce ta zaɓe shi da yardar ranta. Babu wanda yake da ikon yafe haƙƙin wani da sunan tawali'u, balle shugaba ya nemi a yi shiru don a rufa masa asiri. Ko a kan nata lamarin ma, da hukuma mai iko ta tambaye ta, ta faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Shi ma Sheil yana da nasa rabo a wannan nazari, domin tawali'u ba nauyin na ƙasa kaɗai ba ne. Kuskurensa bai wuce wanda kowane mai riƙe da sanda yake iya faɗawa ba: ya yanke hukunci a kan abin da aka gaya masa, bai ba wadda ake zargi damar ganinsa ba, alhali abin da ta roƙa ke nan. Amma da ciwo ya kwantar da shi, ya gane an ɓatar da shi, bai bar girman muƙami ya hana shi gyara ba. Ya aiki Fada Hughes, wanda ya ɗage hukuncin a cocin Morphett Vale ranar 23 ga Fabrairu, 1872. Sheil ya rasu ranar 1 ga Maris. Ina yawan tunanin cewa shirun Mary ne ya bar masa ƙofar komowa a buɗe, domin da ta mayar da lamarin yaƙin jaridu, da janyewarsa ta zama faɗuwa a gaban abokan gaba, kuma mutane kaɗan ne suke iya wannan ko a bakin kabari. Cikin shekarar, binciken da hukumomin Paparoma a Roma suka ɗora wa Bishop Murphy na Hobart da Bishop Matthew Quinn na Bathurst ya wanke ta.

Da labarin ya tsaya a nan, mai shakka zai iya cewa mace ce mai kafiya wadda ta yi sa'a gaskiya ta faɗo gefenta. Abin da ya biyo baya ne ya kawar da wannan zato. A 1873 ta tafi Roma neman amincewar Paparoma Pius na 9 ga ƙa'idar. Hukumomin can suka tabbatar da jagoranci daga cibiya ɗaya, amma suka sauya ɗayan ginshiƙin: suka ce dole ƙungiyar ta iya mallakar gidajenta, domin abin da ya faru a titin Franklin ya nuna haɗarin zama a gidan da wani zai iya ƙwacewa da safe ɗaya. Wannan sashe na talauci yana cikin abin da ta fi ƙauna, yana kuma cikin ƙa'idar da ta sha wuya dominta. Ta karɓi gyaran. Woods bai taɓa yafe mata ba, yana ganin ta ci amanar abin da suka kafa tare, kuma abotarsu ba ta sake komawa yadda take ba har ya rasu a 1889. Ga wanda zai tambayi me ya sa ta ƙi sauyin Sheil ta karɓi na Roma, amsar ita ce na farko zai rushe aikin da aka kira su yi, kuma an zo da shi ta hanyar matsi. Na biyu ya fito ne daga hukumar da ita da kanta ta kai wa ƙa'idar don ta yi hukunci, kuma bai hana su zuwa wurin talakawa ba. Da ra'ayinta take bauta wa, da a nan ma ta ja daga.

Jarrabawar ta sake dawowa. A 1883 Bishop Reynolds, magajin Sheil wanda a da yake cikin masu goyon bayanta, ya saurari zargin cewa tana shaye-shaye, alhali abin da take sha likita ne ya rubuta mata saboda ciwo, ya umarce ta ta bar Adelaide. Ta tattara kayanta ta koma Sydney. A 1885 aka sauke ta daga shugabanci aka naɗa Uwa Bernard Walsh, kuma wadda ta kafa ƙungiyar ta yi shekara 13 tana aiki a ƙarƙashin ɗiyarta ta ruhu, tana ziyartar makarantu, tana rubuta wa sistoci wasiƙun ƙarfafawa su yi wa sabuwar shugabarsu biyayya. Bayan rasuwar Uwa Bernard a 1898, sistocin suka sake zaɓenta a 1899, ta riƙe aikin har ta rasu a Sydney ranar 8 ga Agusta, 1909. Ranar 17 ga Oktoba, 2010, Paparoma Benedik na 16 ya sanya sunanta cikin jerin tsarkaka, ita ce ta farko daga Ostireliya.